Zaman da Hamisu ke bi na

Da farar rigata ta Juma'a na zauna daram a kan zanen ɗana Hamisu, fenti bai bushe ba.

Zamanin Ahijo ne, a Garwa. Yaron ya daɗe yana roƙona in zo in zauna ya zana ni. Ni da na gudu daga lakwal, makarantar boko, a aji biyu, ina na san zaman zane? Na shiga zaure, na ga katako a kan benci, na ce ga wurin zama.

Ashe rumfarmu ta mahauta ce yake zanawa a kai, kowa da kamanninsa.

Na miƙe da rabin kasuwa manne a bayana. Buba mai tsire ya zagayo ya ce, "Tsaya, Idi, wallahi ga hulata nan a mazaunanka."

Hamisu ya yi dariya har da hawaye. "Baba, zama na ce ka yi mini, ban ce ka zauna a kai ba."

"To, bayan Sallah zan zauna maka da kyau."

Bai kai Sallah ba. Sanƙarau ya ɗauke shi a bazarar nan, Allah ya jiƙansa.

Ban taɓa bari an wanke rigar ba. Mahautan da ke jikinta duk sun rasu, jikokinsu kan zo in buɗe musu, su nemi kakanninsu. Ni kaɗai ne babu a ciki.

Zama ɗaya yake bi na har yau. Ku da kuka yi karatu, ina ake biyan irin wannan bashi?