Takardar da Ta Yi Araha

Goggo Almakashi ake ce mata a unguwa, kuma ba don ɗinki kaɗai ba, bakin ma yana yanka. Shekara talatin da ɗoriya tana shago ɗaya a ƙarƙashin matakalar wani bene, ita da kekenta da madubin da ya tsage ta gefe. Da wannan keken ta yi wa 'ya'ya uku makaranta. Mijinta tsohon direba ne, ya ajiye tuƙi, yanzu aikinsa zama a benci bakin shagon yana ba da shawarar da ba a nema ba.

'Yarta ce ta jefa ta cikin wata ƙungiyar duniya ta 'yan sa kai, masu tattara ilmi su zuba a intanet kowa ya ɗiba kyauta. Goggo ta fara da hotunan tsofaffin salon ɗinki. Wasa-wasa sai ga ta a kwamitin yankinsu, mutum bakwai daga ƙasashe daban-daban, su ke duba takardun masu neman tallafi su ce a ba wane, a hana wane. Ko sisi ba a biyansu. Ranar zama, da yake ta bidiyo ake yi, takan jingina waya jikin gwangwanin maɓallai, ta kafa ɗauri mai kyau daga sama, ƙasa kuwa zanen aiki ne duk zare ya manne masa.

A wani zama aka zo kan takardar wata malamar firamare. Ita da mata biyar suna so su zaga ƙauyuka tara su naɗi muryar tsofaffi suna faɗin sunayen tsuntsaye da itatuwa, tun kafin masu sanin su ƙare. Abin da suka nema bai kai rabin na kowa ba. Shugaban kwamiti, wani lauya mai son a gama da wuri, har da tafi.

"Wannan ai ba sai an ɓata yawu ba. A ba su."

"A mayar musu," in ji Goggo.

Fuskoki shida suka tsaya cak a waya, har ta zaci layi ne ya ɗauke.

"Ranka ya daɗe, araha ba ta ado," ta ce. "Na'urar naɗar murya kawai suka sa. Ƙauye tara, da fiffike za su je? Ni tela ce, na san mai kawo yadi biyu ta ce zai ishe ta. Ba isa ya yi ba, kunya take ji. A ƙauye na uku aljihunsu zai ƙone, aikin ya mutu, mu kuma mu rubuta cewa ba su iya ba."

Lauya ya ce doka ba ta yarda kwamiti ya cika wa kowa takarda ba, sai mai ita ta gyara da hannunta. Kuma ranar Juma'a ake rufewa. In gyaran bai iso ba, matan sun tashi a tutar babu, sai wata shekara.

"Da babu gara ba daɗi, Goggo. Kin ɗauki alhakin?"

Ta ce ta ɗauka. Ta kashe waya. Daga benci maigida ya leƙo ya ce, "To, an ɗebo ruwan dafa kai." Ta ce masa ya ji da bencinsa.

Ta kira malamar. Baiwar Allah tana jin kalmar kwamiti ta yi saurin tarar numfashinta.

"Yaya, ya yi yawa ne? Za mu rage."

"Ƙarawa za ki yi, ƙanwata."

"Kai, Yaya! A ce mun zo cin kuɗin mutane?"

Goggo ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta koma lallashi. Malama dai sai "to" take cewa, irin "to" ɗin da ba ya zuwa ko'ina. Talata ta wuce shiru, Laraba ma haka. Ranar Alhamis Goggo ta haɗa wa rigar wani yaro hannu a baibai, abin da rabonta da shi tun tana koyo. Tsoro take ji sosai, kada bakinta ya raba mata shida da ɗan abin da suka riga suka samu.

Juma'a da hantsi wayar ta yi ƙara. Gyaran ya iso. Goggo ta ɗora tabarau, ta bi takardar da yatsa, sai ga sabon layi ɗaya tal: kuɗin motar zuwa ƙauyuka tara. Na zuwa kaɗai. Ta yi dariya har ta dafe keke, maigida ya taso yana tambayar ko lafiya. Sannan ta duba agogo, saura awa uku a rufe, ta sake kira.

"Ƙanwata, na ga na zuwa. Can za ku tare?"

"Dawowa za mu taka, Yaya. Mun saba."

"Ni ban saba ba. Wa zai dawo da ku gida? Me za ku ci a hanya? Ɗauko biro, ina kan layi."

Hayaniyar 'yan aji na tasowa daga nesa. Goggo ta ji ana jan hanci.

"Ki yi haƙuri, Yaya," malamar ta ce. "Shekara goma sha ɗaya muna wannan aikin, ba wanda ya taɓa tambayar yadda muke komawa gida."