Da Sauƙi, In Ji Baba Mai Tafki

Tsoron ya shige ni ne lokacin da matar da ta zo bincike ta ɗago kai daga littafin duba ruwan masana'anta, ta zare tabarau, ta ce, "Wane ne ba shi da lafiya a nan?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ban gane ba."

Ta juyo min da shafin. Rubutun Baba Mai Tafki ne, kamar sawun kaza. A gurbin "yanayin ruwa" ya sa: da sauƙi. Washegari ma haka. Kwana goma sha tara a jere.

Watana biyar ke nan a masana'antar rinin, aikina na farko bayan jami'a. Ni ke haɗa takardun tsarin kula da muhalli: wa ke duba me, sau nawa, me aka yi da aka ga matsala. In masu bincike sun gamsu, su ba kamfani takardar shaida. In babu ita, manyan masu sayen yadinmu ko waya ba za su ɗaga ba. Tun ranar farko manaja ya miƙo min littafin, ya ce, "Kwafe shirmen tsohon nan a kwamfuta da harshen mutane." Na kwafe. Lafiya lau, da godiya, da sauƙi, duka na mayar da su "babu matsala", na sa hannu a ƙasan kowane shafi.

Shekara ashirin da shida Baba yana kula da tafkuna uku na bayan masana'anta, inda ruwan rini ke kwantawa kafin a sake shi cikin rafi. Da shara ya fara. Hannuwansa sun rine har wuyan hannu, jikokinsa na ce masa Kaka Shuɗi. Yana da 'yar rumfar kwano, da benci mai ƙafa uku da bulo ya cike ta huɗun, da doguwar gora da ya ɗaura wa gwangwani don ɗibar ruwa. Matarsa ta rasu, a gidan 'yarsa yake zaune. Ba ya gaggawar magana, ba ya kuma ƙarasa ta.

A rumfar na same shi yana wanke gwangwanin.

"Baba, me ya sa ka rubuta da sauƙi?"

"Ɗan boko, in ka je dubiya ka ce ya jiki, me ake ce maka?"

"Da sauƙi."

"Ko mutum na shure-shure?"

Ya zubar da ruwan gwangwanin, ya ci gaba.

"To ka taɓa jin mai lafiya ya ce da sauƙi? Me suka koya muku a can, shekara huɗu?"

Ya ce da can ya taɓa rubuta "ruwa ya ɓaci". Manajan nan, yana mataimaki a lokacin, ya yage shafin a gabansa, ya kora shi gida sati biyu. Tun daga ranar gaishe da ruwan kawai yake yi. Lafiya lau, ruwa ya tace, kwaɗi na kuka a tafki na uku. Da godiya, launi ya fara tsallakowa. Da sauƙi, injin zuba magani ya mutu, ruwa na fita baƙi ƙirin.

"Manaja ya san haka?"

"Ba a gidan mutane ya tashi ba? Bai taɓa zuwa dubiya ba?"

Daga nan na daina yarda da kowa. Me ya sa manaja bai ba sakatariyarsa kwafar ba, sai ni sabon zuwa? Littafin kuma a aljihun teburina na kulle shi. Wa ya ɗora shi a kan takardun matar? Masu shara na da makullin ofis, dukansu kuma Baba ne ya koya musu aiki. Na tambaye shi. Ya ce, "Littafi ai ba shi da ƙafa," ya ci gaba da wanke gwangwaninsa.

Da rana manaja ya kira ni, har da tura min kujera.

"Ƙanena, sa hannunka ne a kai, ba nawa ba. Amma da gyara. Rubuta cewa tsufa ya kama shi, bai san me yake rubutawa ba. Mu sallame shi cikin mutunci, kai kuma ka zauna daram."

Na fito da takarda a hannu. Na zauna na rubuta layi uku: kowace gaisuwa da fassararta. Na ƙara na huɗu, cewa ni na juya su ba tare da na tambaya ba. Ban kai wa manaja ba, matar na kai wa. Ta karanta. Ta sa aka ɗebi ruwa da laka daga bakin rafin, a kwalabe shida.

Yau kwana tara. Manaja ba ya amsa gaisuwata. Mahaifiyata ta tambaye ni ya aiki, na ji bakina ya ce da sauƙi, ta daɗe tana kallona.

Baba na nan a rumfarsa, an gyara injin, ban san wa ya ba da umarni ba. Sakamakon kwalaben bai fito ba. Ba a ce masa ya tafi ba, ni ma ba a ce min ba. An ce mu jira wasiƙa daga hedikwatar kamfani.