Faifan da Aka Shanya a Kan Kwano

Har yau idan na ji wani ya buɗe baki ya ce wai komai yana cikin waya, sai in ji raina ya ɓaci. Ƙarya ce! A gidanmu aka yi, ba labari aka ba ni ba.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, manomi ne a wani ƙauye bayan Damari, ƙasar Sabuwa. Cikin abin da ya bari akwai garmaho mai aiki da batir, da faifai goma sha ɗaya a cikin adaka. Goma waƙoƙi ne da kowa ya sani. Ɗayan kuwa, ƙarami mai jan tambari a tsakiya, wani makaɗin noma na yankinmu ne ya yi shi, mutumin da ko a Faskari ba kowa ya san shi ba. Wajen ƙarshen waƙar yakan jero manoman da ya yarda da su, sai ya kira sunan Baba har sau biyu. Saboda wannan wurin kaɗai Inna, mahaifiyarmu, take sa a kunna mata. Takan zauna a bakin gado ta sunkuyar da kai, ana wuce sunan sai ta ce, "To, kashe, kada batir ya ƙare."

Ni nake wanke faifan, Baba ne ya koya mini. Ba da kowane ruwa ake yi ba, sai ruwan randa da ya kwana ya kwanta, don na rijiya yana zuwa da yashi. A ɗiga sabulu kaɗan, a samo auduga mai laushi wadda aka cire wa gurya, a bi layin faifan yadda ya zagaya, a hankali kamar mai wanke wa jariri ido. Ba a jiƙa tambarin tsakiya. In an ɗauraye sai a jingina shi da bango a cikin ɗaki ya bushe don kansa. Rana ba ta ganin faifai, wannan ko kajin gidanmu sun sani.

Shekarar da 'yan bindiga suka hana mu zaman ƙauye, muka kwashe Inna da kayanta zuwa Kankara, gidan ƙanina. Ruwa ya kama motar a wajen Sheme, adakar ta sha ruwa da laka, kuma da yake hankalin kowa ba a kwance yake ba, ba a buɗe ta ba sai da bazara. Da na kunna ƙaramin faifan, ƙara ta danne waƙar, kamar ana toya ƙosai.

Shi ƙanin nawa magidanci ne, da rumfarsa a kasuwar Kankara, yana gyaran waya yana tura wa mutane waƙoƙi. Da ya ga ina fama da faifan, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, kai ma dai da son wahala. Wa yake ta allura da batir yanzu? Wannan 'yar wayar ta haɗiye adakarka sau dubu."

Maganar gaskiya, bai yi ƙarya duka ba. Ni ma a waya nake jin waƙa in na hau babur zuwa makarantar da nake koyarwa a Faskari. Ba ta ƙura, ba ta karce, kuma ranar da muka gudo wayata tana aljihu, adakar kuwa sai da ƙarti biyu suka ɗaga ta. Amma na ce masa, to malamin waya, nemo mana wannan waƙar. Ya laluba, ya tambayi abokan sana'arsa har na Katsina, babu wanda ya taɓa jin ta. Sai muka shirya cewa zai kara wayarsa a bakin garmahon ya ɗauki waƙar, Inna ta riƙa ji duk lokacin da ta so. Na ce ya jira ni zuwa ranar Juma'a in dawo in wanke faifan tukuna. Har sau uku na faɗa masa.

Bai jira ba. Ranar Laraba ya gwada ɗauka, ƙarar ta dame shi, sai ya yi wa faifan abin da yake yi wa cikin wayoyin mutane: ya zuba masa fetur, ya sa burushin haƙori ya dirje shi. Da ya gama, ya ɗora shi a kan kwanon rufin ɗaki don ya bushe da sauri, kamar wanda ya yanka kuɓewa, ya koma rumfarsa. Tsakar rana, a bazarar Kankara!

Ranar Juma'a na tarar da faifan a kan tabarma, ya lanƙwashe kamar sakaina, fuskarsa ta yi fari. Na ɗora shi a garmaho duk da haka. Allurar ta hau tudu ta faɗa kwari, ta zame ta fita waje.

Ban san lokacin da na fara faɗa ba. Na ce kai wane irin mutum ne? Abin da ya tsira daga 'yan bindiga, ya tsira daga laka, shi ne bai tsira daga hannunka ba? Shekara nawa ina lallaɓa shi da auduga, kai kwana biyu ka kasa haƙuri? Ya yi tsuru-tsuru yana cewa wallahi gyara ya yi niyya. Gyaran gangar auzinawa!

Can sai na tuna cikin ba-haƙurinsa ya ce ya gwada ɗauka. Na ce, "To ina wanda ka ɗauka ranar Laraba? Ko da ƙarar, kawo."

Ya sosa ƙeya. "Na goge, Yaya. Ba daɗin ji."

Wannan ta fi fetur ɗin ƙona mini rai. Faifai ko ya karce yana nan, ka ji rabi ka cike rabi. Waya kuwa yatsa ɗaya ya dangwala, shi ke nan, ko toka ba ta bari.

Inna tana ɗaki tana jin mu. Ta ce mu daina tara mata mutane. Ƙanina ya shiga ya durƙusa, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Inna, ai kin haddace ta. Ki rera, in ɗauka a waya, ba za ta sake ɓata ba."

Ta gyara zama ta fara. Ta bi waƙar tiryan-tiryan, ta jero manoman ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake kowa ba. Da ta iso kan Baba sai ta tsaya. Tun ranar da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba, irin kunyar matan da, kuma ba mutuwarsa ce za ta sa ta fara ba.

Wayar tana ta ɗauka. Inna ta ce, "Kashe."