Kiwo a Gonar Taubashi

Ni ne na yi laifi, kuma tun ranar na san haka. Abin da ya ɗauke ni shekaru kafin in gane shi ne yadda na ci amanar mutum alhali a raina ina jin ni aka ci wa amana.

Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta zo ta ƙarasa abin da ya rage, ɗan kawuna ya baro Garagumsa ya sauka a gidanmu a unguwar Birni, cikin Damagaram. Sa'ana ne, kuma taubashina, tunda uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Gonarsu ko iri ba ta mayar ba, shi ya sa kawu ya turo shi Damagaram ya nemi abin yi, a rage baki ɗaya a gida. Mu ma ba a wadace muke ba. Babanmu baduku ne, kuma mai neman tiyar hatsi ba ya tsayawa taya jakar fata. Sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidanmu, da maraice.

Abin da ya rufa mini asiri da rana shi ne fadarmu. Samari ne muke taruwa muna dafa shayi a zauren wani abokinmu Babarbare. Shi muka naɗa Perezidan, don zauren na ubansa ne, ma'aikacin gwamnati mai albashi. Kullum bayan azahar mahaifiyarsa takan aiko da babban kwano, yau shinkafa da wake, gobe dambu da zogale. Ba ta taɓa tambayar mu nawa ne ba. Na kai taubashina can, na ce, “Ga bawana na kawo muku, ku riƙa aiken shi.”

Ya ce, “Ku yi haƙuri da shi. Tun yana yaro nake ciyar da shi, bai taɓa ƙoshi ba.”

Aka yi dariya, aka matsa masa wuri a bakin kwano.

A zauren akwai tele, wato talabijin, da wata na'urar wasa da yayan Perezidan ya zo da ita daga ƙasar da ya yi karatu, da manet huɗu, wato abin da ake riƙewa a hannu ana dannawa. Kaset ɗaya ne ke aiki, na wani wasan harbi. Ko a lokacin ya tsufa, amma mu sabo ne a wurinmu. Wasannin da muka sani a da, wani ɗan mutum kake kallo daga gefe yana gudu yana tsalle. Wannan kuwa ba ka ganin kanka ko kaɗan, sai hannunka da bakin bindiga, kamar an zuba ka a cikin idon mutumin. In ka harbi soja a ƙafa sai ya dafe ƙafar, in ka same shi a kai ya gama. In ka yi ɓarin wuta ba dalili, masu gadi su ji su taso maka, don haka wani lokaci sanɗa ta fi ƙarfi amfani. Yau in na ga yarana suna dangwalar waya suna harbe-harbe, nakan ce musu duk jikokin wancan kaset ɗin ne. Wai har Turawa haka suke faɗa, cewa shi ya nuna ana iya irin wannan wasa a zaune gaban tele ba sai da kwamfuta irin ta ofis ba.

Amma abin da ya ɗaure mu a zauren nan wani abu ne daban. Wasan yana raba fuskar tele gida huɗu, kowa da kusurwarsa, mutum huɗu a gini ɗaya suna farautar juna. Kana ɓoye a bayan ƙofa, amma maɓoyarka na nan fili a gaban sauran ukun, in sun ga dama su duba. Mun gwada manna kwali a tsakani, sai ya zama kowa sai ya cusa hanci a jikin gilashi, ga zafin bazara. Muka cire. Perezidan ya ce daga yau kowace kusurwa gona ce, kowa idonsa a gonarsa, wanda aka kama yana kiwo a gonar wani ya bar fada sai damina ta faɗi. Da dariya aka kafa dokar, ba a taɓa zartar wa kowa ba.

Ni ne gwanin fadar, kuma ni ne ɓarawonta. Nakan zauna baya kaɗan, jikin bango, inda ba mai ganin idona. Ƙyaftawa ɗaya ta ishe ni in san launin bangon da mutum yake raɓe da shi.

Ni na koya wa taubashina riƙe manet. Ranar farko sai ya riƙa karkata jikinsa duka in zai juya, har ya kifar da butar shayi. Wani bakanike da ke cikinmu ya ce, “Kai baƙauye, ba garma ba ce, saki hannunka!” Aiki bai samu ba a gari, ko dako ya yi wa masu nema kaɗan, don haka duk sa'ar da kuran, wato wutar lantarki, bai ɗauke ba yana zauren. Shi ba ya yawo a cikin wasan. Yakan samu lungu ya lafe, ya karkatar da kunne yana sauraron ƙarar ƙofofi. Kafin zafi ya kai tsakiya ya fara kayar da bakaniken, sannan Perezidan.

Wata rana aka ce a yi biyu da biyu. Kullum ni da shi ne a gefe ɗaya, ba a ma tambaya. Sai Perezidan ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Yau ɗan Garagumsa nawa ne.”

Na jira taubashina ya ce a'a. Sai ya washe baki ya ce, “To, bari in gwada gidan da ake dafa shinkafa.”

Sun yi mana kaca-kaca. Duk inda na nufa sai in tarar da shi a gefen ƙofa, kusurwata ta rine ja. Ko leƙen da nake yi bai cece ni ba, don lungunsa duhu ne, ban gane wurin ba. Kowane kisa sai ya ce, “Tashi, bawa, kawo wa maigidanka shayi.” Zaure ya ɗauki sowa. Ni kuwa abin da ke yawo a kaina shi ne: ni na kawo shi, tabarmata muke rabawa, tuwon uwata yake ci, yau ya ga mai kwano ya bar ni. Har ga Allah a lokacin ji nake an yanke ni ta baya.

Na ajiye manet na ce, “Kiwo yake yi. Na gan shi yana kallon gonata.”

Ya yi dariya har yana buga cinya. “Gonarka? Mai za a samu a gonarka, ko fara ba ta tsaya ba!”

Kowa ya san tsakanin taubasai ba maganar da ke da nauyi. Za ka ce masa ɓarawo a tsakiyar kasuwa, a yi dariya a wuce. Perezidan ma hanyar da ya buɗe mini ke nan, ya ce, “Wasanku ne na gado, ko?”

Da na ce e, da shi ke nan. Sai na ce, “Ba wasan taubashi nake ba. Wallahi na gan shi.”

Dariyar ta mutu a fuskarsa a hankali. Ya dube ni, bai ce ƙarya nake ba. Perezidan ya sosa ƙeya ya ce ai doka ce ta wasa, a bar ta. Taubashina ya ce, “A'a, Perezidan. Tunda ya rantse.” Ya ajiye manet a kan tabarma, ya sa takalmansa. A bakin ƙofa ya yi kiciɓis da kwanon rana ana shigowa da shi, ya kauce ya ba shi hanya. Na ci abincin nan. Wannan ma sai na faɗa.

Daga ranar bai sake cin komai da rana ba. Yakan fita da safe ya dawo da magariba leɓɓansa sun yi fari. Innarmu ta tambaye shi me ya raba shi da fada, ya ce, “Gwaggo, hayaniyarsu ce ta yi mini yawa.” Bai jira damina ba. Ya bi motar kudu neman aikin ƙarfi, ya daɗe bai dawo ba. Fadar ma ba ta koma daidai ba. Bakaniken ya fara zama a bayana in ana wasa, Perezidan kuma ya daina kiran biyu da biyu.

Bayan haka mun haɗu da taubashina a suna da ta'aziyya ba adadi. Yakan gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali da aiki, yadda ake gai da surukin da ba a saba da shi ba. Bai sake ce mini bawa ba.

Da Perezidan zai aurar da ƴarsa ta fari, ya tara mu duka a tsohon zauren bayan ɗaurin aure. Telen ta daɗe da mutuwa, amma kantar da ake ɗora ta tana nan. Bakaniken, wanda yanzu ya yi tumbi yana da garejinsa, ya nuna kantar ya ce wa taubashina, “Makiyayi, ka tuna?”

Ashe sunan ya bi shi duk shekarun nan. Ya yi murmushi kawai ya kurɓi shayinsa.

Na ce, “Bai taɓa kiwo ba. Ni ne nake yi, tun kafin ya zo garin nan.”

Taubashina ya ajiye kofi ya ce, “Ai na sani. Kana juyo da bindiga tun kafin in taɓa ƙofa.”

“Me ya hana ka faɗa?”

“In faɗa a kore ka, ka koma gida ka zauna da yunwa, Gwaggo tana kallon mu biyu? Ni baƙo ne, ina da hanyar tafiya.” Sai ya juya ga sauran yana ƙoƙarin dariya. “Ku ƙyale shi, halinsu ne, wasa yake.”

Na tashi daga kan kujera na durƙusa a gabansa, da furfurata, a gaban mutanen da na yi rantsuwar a gabansu. Na ce, “Ba wasan taubashi nake ba. Na yi maka ƙarya, na rantse a kanta, na raba ka da abincinka a shekarar yunwa don ka fi ni iya wasa. Na tuba ga Allah. Ɗan kawu, don Allah ka yafe mini.”