Zakariya'u Mai Fassara da Ramin Majami'a

Duk wanda ya taɓa sa kart memwar, katin ajiyar finafinai, a salularsa a Maradi ya san muryar Zakariya'u, ko bai san fuskarsa ba. Shi ne mai fassarar finafinai na unguwar Zariya. Shagonsa bai fi madafa girma ba: ordinatar ɗaya, wato kwamfuta, makirfo ɗaure da roba, sai tsoffin katifu jingine da bango don kada ƙarar kabu-kabu ta shiga aiki. A nan yake zama ya zama kowa da kowa. Shi ne jarumi, shi ne mugu, shi ne budurwa, in kare ya yi haushi ma sai ya gaya maka abin da karen ke nufi.

Ɗan Tsibiri ne, can ya yi lakwal, wato makarantar boko. Ɗan Faransancin da yake cin abinci da shi yau, malaminsu ne ya ɗura masa, Mushe Toma (Mushe, haka ake kiran malamin lakwal). Mushe Toma Kirista ne, dattijon wata ƙaramar majami'a a gefen gari, kuma rabin magidantan unguwarsu sun bi ta hannunsa. Tun da ya ajiye alli ba ya fashin fada, majalisar shayin tsofaffi a gindin bishiyar bedi. In an kira salla su tashi, shi ya tsare musu buta a kan wuta.

To, Zakariya'u yana da wata ɗabi'a, ita ma ta sa aka fi son aikinsa. Ba ya barin sunayen Turawa. Ya ce suna karya harshe. Kowane ɗan sanda Inusa ne, kowane ɓarawo Tanimu, kowace gona Jiratawa. Mutane su yi ta dariya, su ce yaron nan ba shi da dama.

Bara aka kawo masa wani fim na guje-guje da kashe-kashe. Wai manyan majami'a sun ɓoye wani tsohon littafi a rami ƙarƙashin daɓe, duk wanda ya kusanci sirrin sai a kashe shi. A farkon fim ɗin an rubuta cewa wuraren da tarihin da ke ciki duk gaskiya ne. Zakariya'u ya karanta wannan da murya mai nauyi, har ya ƙara gishiri. Da mai tsaron ramin ya fito, wani tsoho mai sanƙo da tabarau a kan hanci, sai dariya ta kama shi.

"Ga Mushe Toma nan na Tsibiri," ya faɗa cikin makirfo. Wasa ne, irin na ɗalibi da malaminsa. Haka sunan ya bi mugun har ƙarshe.

Fim ya ci kasuwa. Salima, matar Zakariya'u, ta kalla, ta ce, "Maigida, wai da gaske an yi haka?"

"Fim ne," in ji shi. Amma bai faɗa da ƙarfi ba. Biranen akwai su, sarkin da aka ambata an yi shi, shekarun ma an jera su tsaf. Abin ya tsaya masa a rai, bai kuwa tambayi kowa ba.

Bayan girbi sai ga Batula, matar Mushe, a ƙofar shago. Ba ta zauna ba.

"Zakari, Babanka ya daina zuwa fada," ta ce. "Da farko tsokana ce, ana ce masa ya fito da littafi. Yanzu in ya iso sai hira ta mutu. Wani da ya koya wa rubuta sunansa ya ce masa a fuska sun daɗe suna ɓoye gaskiya. Yana gida, ba ya cewa komai. Ni dai na gaya maka."

Kunya ta rufe Zakariya'u, har ya kasa cewa ta gaida gida. Washegari da hantsi ya hau kabu-kabu zuwa Tsibiri.

Ya tarar da Mushe yana share ƙofar majami'a. Tsohon ya rame. Suka gaisa doguwar gaisuwa, lafiyar iyali, lafiyar aiki, kamar ba komai. Sannan Zakariya'u ya durƙusa.

"Baba, wallahi wasa ne. Ban yi zaton za a ɗauka ba."

"Na sani," in ji Mushe. "Ai na kalla. Ka iya aikinka. Ni kaina da tsohon nan ya zaro wuƙa sai da na tsorata da kaina."

Zakariya'u bai iya dariya ba. Sai tambayar da ta daɗe tana cin sa ta kuɓuce.

"Amma Baba, abin da suka ce na tarihi fa?"

Mushe ya jingine tsintsiya. "Birnin akwai shi. Sarkin an yi shi. An yi taron malaman addininmu a zamaninsa, sun yi gardama sosai, wannan ba a ɓoye yake ba, yana cikin littattafai, kowa na iya karantawa. Ramin da wuƙar kuwa na marubucin ne. Ya ɗauki abu uku na gaskiya ya jingina na huɗu a kansu, sai mai kallo ya haɗiye duka. Shi ma abincinsa yake nema, kamar kai." Ya numfasa. "Mu da ku mun bambanta a kan Annabi Isa, tun kafin a haife ka muke wannan gardama a gindin bedi, ba wanda ya taɓa janye tabarmarsa. Suna cewa na yi kuskure, ina cewa sun yi. Amma ba su taɓa ce mini maƙaryaci ba sai bana."

"Zan je fada da kaina, Baba. Zan sa sanarwa a gaban kowane fim."

"Ka je. Wanda ya ji ya ji. Shigo daga rana tukuna."

Zakariya'u bai taɓa shiga majami'ar ba. Ɗaki ne ɗaya, bencina kaɗan, rufin kwano, da tabarma shimfiɗe a gaba inda ake tsayawa wa'azi. Ya tsaya a bakin ƙofa. Bai yi niyya ba, Allah ya sani, amma idonsa ya tafi kan tabarmar nan, ya ɗan daɗe a wurin.

Da ya ɗago, Mushe yana kallonsa.

Tsohon ya nufi tabarmar. Ya taka a hankali, ya dafa benci, ya sunkuya da ƙyar saboda gwiwa. Zakariya'u ya ce, "Baba, don Allah bari." Bai bari ba. Ya kama bakin tabarmar ya naɗe ta har ƙarshe. Siminti ne tsohon zubi, ya tsage ta tsakiya, tururuwa na bin tsagar.

"Duba da kyau, ɗana," in ji Mushe Toma. "In ka je fada, gara ka faɗi abin da ka gani da idonka."