Ƙetare Ruwa Saboda Ruɓaɓɓen Gungume

Yelwa

Ina idar da sallar asuba na nufi tasha, matata tana yi mini dariya, wai zan ƙetare ruwa saboda ruɓaɓɓen itace. Da gaskiyarta. Kwanakin baya na je gaida Gwaggo Hassi, ƙanwar babana mai bandar kifi a wata tunga gaba da Warra. A bayan ɗakinta na ga wani jan naman kaza mai kama da kunne a jikin gungume, na ɗauki hotonsa. Da yake kimiyya nake koyarwa a sakandare, sai na tura wa tsohon malamina na jami'a. Bawan Allah ya kira ni nan take. Ya ce mutane ƙalilan ne suka taɓa ganin irinsa, ba a ma san ko ya kusa ƙarewa a duniya ba, in hanzarta in tsinko masa kaɗan. Ni kuwa na san Gwaggo, itace ba ya daɗewa a gidanta bai shiga wuta ba. Na aika mata kada ta faskara, ina tafe ganinsa.

Warra

Motarmu ta sha ramuka. A shingen bincike wani jami'i ya buɗe akwatin kwalin da na tanada don zuba naman kazar, ya ga wayam, ya dube ni kamar mai taɓin hankali. Da hantsi na karya da ƙosai a bakin ruwa, na shiga kwale-kwale.

Tunga

Gwaggo ta tarye ni da murna, ta ja ni bayan ɗaki. Gungume na nan, amma an kankare shi tas, har an shimfiɗa mini tabarma a kai. Abin da aka kankare kuwa tuni ya shiga wuta.

"To, ɗana zai zo ganin abu, in bar shi da ƙazanta?" in ji ta.

Haushi ya cika ni, kuma ba halin faɗa. Na yi mata bayani cewa da wuya a samu irinsa, amma asalin abin yana cikin itacen, in an bar shi a inuwa wataƙila ya sake tsirowa. Ta dubi tulin ɗanyen kifin da ke jiran wuta, ga itace ya yi wuya a tungar.

"Ni dai ƙazanta nika gani," ta ce. "Amma tunda ka ce ba shi da 'yan'uwa, shi zauna."

Gida

Bayan magariba na iso Yelwa, akwatina cike da bandar kifi. Ban sani ba ko naman kazar zai sake tsirowa. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Gwaggo. Lokacin da kwale-kwalenmu ya tashi, na hango ta da gatari a kafaɗa, ta nufi daji neman wani itacen.