Jinyar Ɗana a Damagaram

Ɗana ya kama shan tramol yana da shekara goma sha shida. A tashar kabu-kabu ta Gure, inda yake haya da babur, ya koya, wai don kada ya gaji. Ranar da ya faɗi a kasuwa yana kumfar baki, na ce ya isa.

Yayana ya kai ni gidan wani malami wajen Kelle, inda ake tsare irin waɗannan yara. Na ga mari a ƙafafun wasu, amma na ga abin da ya fi wannan a duniya. Tambaya ɗaya na yi: "Malam, zan iya zama da shi?" Ya ce a'a, iyaye ke ɓata magani. Sai na fasa ba shi yaron.

Majon asibitin garinmu, wato babban ma'aikacin jinya, ya ce mu tafi babban asibitin Damagaram. Yayana ya ce, "Kai, ɗakin mahaukata ne fa. Wa zai ba shi mata bayan haka?" Duk da haka na kai shi, na yi wa lokotoro, wato likita, tambayar da na yi wa malamin. Ya ce, "Baba, ai ba ma karɓar yaro sai da mai jinya."

A wajenmu uwa ke jinya, amma tasa ta rasu. Na shimfiɗa tabarma cikin mata, na koyi dama kunu suna yi mini dariya. Duk lokacin da jikinsa ya ɗauki karkarwa yana zagina, ni nake riƙe shi.

Yanzu yana Bune yana kiwon awakin kawunsa. Ya yi ƙiba. Ranar kasuwa yakan zo mu ci tuwo tare.